Amsoshin Tambayoyinku: Mene Ne Istidlali, Kuma Yaushe Ake Dogara da Shi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗalibi ne a shekarar farko ta jami'a a Zariya, kuma cikin darussan gama-gari da aka wajabta mana akwai na falsafa da manɗiƙi. Malaminmu yana yawan cewa duk aikin manɗiƙi a kan istidlali yake, wato tsamo hukunci daga hujja, amma har yanzu ban ga abin da ya raba wannan da zato ba. Ina roƙon ƙarin bayani.

Amsa: Wa alaikumus salam. Istidlali shi ne hankali ya tashi daga abin da ya riga ya sani, ko abin da ya sallama da shi, ya isa ga wani abin da bai gani ba kuma ba a faɗa masa ba, ta hanyar wata alaƙa da ke tsakanin biyun. Maganganun da aka tashi daga kansu su malaman manɗiƙi suke kira muƙaddimomi, wanda aka isa gare shi kuma shi ne natija. Abin da ya raba shi da zato shi ne, mai istidlali yana iya baje hanyar da ya bi a gaban jama'a, kowa ya duba ta mataki-mataki, ya nuna inda ta karye idan ta karye, alhali mai zato idan ka tambaye shi dalili, iyakar abin da zai ce maka shi ne haka jikinsa ya ba shi. Yana yiwuwa jikin nasa ya ba shi daidai, amma babu yadda wani zai bincika hakan kafin abin ya bayyana.

Misalin da ya fi kusa da mu, wanda duk ɗan makarantar allo da ya yi nisa ya bi ta kansa, yana cikin Suratu Yusuf, daga aya ta 25 zuwa ta 28. Mutum biyu sun yi kiciɓis da maigida a bakin ƙofa, kowane yana cewa ɗayan ne mai laifi, kuma babu wanda ya ga abin da ya wakana a cikin ɗaki. Sai wani mai shaida daga dangin matar ya ce a dubi rigar Annabi Yusuf, amincin Allah ya tabbata a gare shi: idan ta gaba ta yage, matar ce mai gaskiya, idan kuwa ta baya ta yage, ita ce ta yi ƙarya. Aka duba, aka ga yagar ta baya ce, magana ta ƙare. Masu tafsiri sun yi saɓani a kan ko wane ne wannan mai shaida, amma saɓanin bai taɓa ginin hujjar ba. Abin da ido ya gani yagaggiyar riga ce kawai. Sanin wanda ya bi wani da gudu kuwa, hankali ne ya tsamo shi, kuma ya tsamo shi ne da taimakon wata magana da ba a furta ba saboda kowa ya san ta, ita ce cewa mai gudu ta baya ake cafko shi. Malaman shari'a irin su Ibnu Farhun a cikin Tabsiratul Hukkam da Ibnul Ƙayyim a cikin Aɗ-Ɗuruƙul Hukmiyya sun kafa hujja da wannan ƙissa a kan cewa alƙali yana iya la'akari da alamomin da ke kewaye da ƙara, ba shaidar baki kaɗai ba.

Ka riƙe wannan magana da ba a furta ba, domin a ganina ita ce wurin da ɗalibi ya fi samun riba a wannan fanni. Kusan duk hujjar da mutane suke kafawa a kasuwa ko a majalisa tana da muƙaddima guda da aka bari a ciki ba a fito da ita ba. Idan wani ya ce, "Ai ɗan gidan malamai ne, ba zai ci amanar kuɗin ƙungiya ba," abin da ya furta rabin hujja ne, ɗaya rabin kuwa shi ne cewa duk wanda ya fito daga gidan malamai ba ya cin amana. Da zarar an faɗi wannan a fili, shi kansa mai maganar zai ja baya, domin ya san ba zai iya rantsewa a kanta ba. A ƙissar riga, maganar da aka ɓoye mai ƙarfi ce, shi ya sa natijar ta tsaya. A zancen ɗan gidan malamai, mai rauni ce, kuma ɓoyewar ce kaɗai take rufa mata asiri.

Mutumin da ya fara tsara waɗannan ƙa'idoji a rubuce shi ne Aristotil, masanin ƙasar Girka da ya rayu daga shekarar 384 zuwa 322 kafin haihuwar Annabi Isa, amincin Allah ya tabbata a gare shi. Babban abin da ya gano shi ne ana iya raba siffar hujja da abin da take magana a kai, har ya riƙa sanya haruffa a gurbin sunaye don siffar ta fito fili. An fassara littattafansa zuwa Larabci a Bagadaza a zamanin Abbasiyawa, sannan Farabi, wanda ya rasu a 950, da Ibnu Sina, wanda ya rasu a 1037, suka faɗaɗa fannin suka ƙara masa abubuwan da babu su a asali. Misalin da littattafan Larabci suka fi yawan kawowa shi ne: duniya tana canzawa, duk abin da yake canzawa fararre ne, saboda haka duniya fararriya ce. Dubi kalmar canzawa. Ta zo a magana ta farko, ta zo a ta biyu, amma babu ita a natija. Ita ce mahaɗi, wanda malamai suke kira haddul ausaɗ, kuma aikinsa shi ne ya ƙulla duniya da faruwa sannan ya janye. Duk lokacin da aka kawo maka hujja irin wannan, fara neman mahaɗin, ka tabbatar ma'anarsa ɗaya ce a wurare biyun, domin yaudara da yawa ta nan take shigowa, a yi amfani da kalma da wata ma'ana a sama, a sauya mata ma'ana a ƙasa.

Akwai tambayoyi biyu da dole a yi wa kowace hujja, kuma ɗalibai suna yawan cakuɗa su har a takardar jarrabawa. Ta farko ita ce ko muƙaddimomin gaskiya ne, ta biyu kuma ko natijar ta biyo su dole. Idan na ce duk abin da ke zaune cikin ruwa kifi ne, kada yana zaune cikin ruwa, saboda haka kada kifi ne, siffar hujjar ba ta da aibi ko kaɗan, domin duk wanda ya yarda da maganganu biyun farko ba shi da mafita daga ta uku. Ɓarnar tana cikin maganar farko, wadda ƙarya ce. Idan kuwa na ce duk Bakano ɗan Arewa ne, duk Bazazzagi ɗan Arewa ne, saboda haka Bazazzagi Bakano ne, maganganu biyun farko gaskiya ne tsantsa, amma natijar ba ta fito daga cikinsu ba, domin Arewa ta fi Kano da Zazzau faɗi, kuma shigar mutum biyu cikin babban gida ɗaya ba ta mayar da su 'yan ɗaki ɗaya. Tun da daga Zariya ka rubuto, na san ba ka bukatar manɗiƙi kafin ka ƙi wannan natija. Manɗiƙi, a taƙaice, yana kula da tambaya ta biyu ne. Tambaya ta farko kuwa, ta ko maganar gaskiya ce, sai a koma ga masana fannin da ake magana a kansa, likita ko manomi ko malamin hadisi.

Daga nan ne ake gane cewa dacewa da gaskiya ba ta wanke gurɓatacciyar hujja. Mutum yana iya zargin wani da sata don kawai bai son kamanninsa, daga baya a kama wanda ya zarga da kayan a hannu, ya riƙa cewa ai ya faɗa. Bai faɗi komai ba, sa'a ya yi, kuma idan ya ci gaba da bin wannan hanya zai zalunci mutane da yawa kafin ya sake dacewa. Hausawa da suka ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, ga dukkan alamu sun hango wannan.

Irin istidlalin da na bayyana, wanda yake saukowa daga hukunci na gama-gari zuwa ɗaiɗaikun abubuwa, shi ake kira ƙiyasi a manɗiƙi, kuma shi kaɗai ne yake ba da tabbacin cewa idan muƙaddimomi gaskiya ne, natija ba za ta zama ƙarya ba. Sauran hanyoyin suna ba da rinjayen zato ne, mai ƙarfi ko mai rauni, kuma tambayar da ke tafe a kansu take.

Tambaya: Ni malamar kimiyya ce a wata makarantar sakandare a Maraɗi. Na karanta cewa dokokin kimiyya daga bibiyar misalai aka samo su, kuma wai wannan hanya ba ta kai wa ga yaƙini. To, da wace hujja zan tsaya gaban ɗalibai in ce musu ƙarfe yana ƙara tsawo idan ya ji zafi, alhali ba duk ƙarfen duniya aka gwada ba?

Amsa: Malama, abin da kika karanta gaskiya ne, amma bai kai ya hana ki koyar da darasinki ba. Hanyar da kike nufi sunanta istiƙra'i, wato a bi ɗaiɗaikun abubuwa a ga suna da wata siffa, sannan a yanke hukunci a kan jinsin baki ɗaya. Idan an bi su duka, kamar ki duba farcen kowane ɗalibi a ajinki ki ce duk sun yanke, wannan cikakke ne kuma yana ba da yaƙini, sai dai bai ƙara miki sanin komai ba bayan abin da kika riga kika gani. Wanda kimiyya take rayuwa a kansa shi ne tauyayye, inda ake gwada kaɗan a yi hukunci a kan masu yawa. Malaman manɗiƙi na Larabci suna da misali guda da suke gargaɗi da shi: mutum ya dubi ɗan Adam da doki da raƙumi da zaki, ya ga kowane muƙamuƙinsa na ƙasa yake motsawa idan yana tauna, sai ya ce haka duk dabbobi suke, har ranar da ya haɗu da kada, wanda suka ce na sama yake ɗagawa. Abin dariya shi ne masana halittar dabbobi na yanzu sun nuna muƙamuƙin kada na sama manne yake da ƙoƙon kansa, kan ne gaba ɗaya yake ɗagawa, wato misalin da aka kawo don gargaɗi a kan gaggawar hukunci shi ma an yi gaggawa a kansa. Darasin dai bai canza ba.

Masanin falsafar nan na Sikotilan, David Hume, a littafinsa na 1739 ya tsananta matsalar, inda ya nuna cewa babu wata hujja ta hankali zalla da take tilasta gobe ta yi kama da jiya, kuma duk wanda ya ce ai kullum haka muka saba gani, ya kafa hujja ne da abin da ake tambaya a kansa. Wanda ya yi karatun tauhidi a zaure ba zai ji wannan baƙo ba. Shehu Sanusi na Tilimsan, wanda ya rasu a 1490, ya raba hukunci gida uku, na shari'a da na hankali da na al'ada, kuma ya bayyana na al'ada da cewa tabbatar da alaƙa ce tsakanin abu biyu saboda maimaituwa, tare da yiwuwar wata rana alaƙar ta saɓa. Manufar Sanusi ta aƙida ce, ta Hume kuwa daban take, amma dukansu sun tsaya a kan cewa yawan maimaituwa ba ya zama tilas na hankali.

Sai dai rashin yaƙini ba ya nufin kowane zato daidai yake da ɗan'uwansa. Abin da yake ƙarfafa istiƙra'i ba yawan misalai ba ne kawai, har da bambancinsu, da neman abin da zai ƙaryata hukuncin da gangan, da kuma gano sababin da ya sa abin yake faruwa. Game da ƙarfe, an gwada tagulla da dalma da azurfa da baƙin ƙarfe a ƙasashe masu sanyi da masu zafi, kuma an san sababin, wato ƙwayoyin zarra da ƙarfen ya ƙunsa suna ƙara jijjiga idan zafi ya ƙaru, sai tazarar da ke tsakaninsu ta ɗan buɗe. Duk da haka ina ba ki shawarar ki gaya wa ɗalibanki cewa a 1896 wani masani ɗan Suwizalan, Charles Guillaume, ya haɗa baƙin ƙarfe da nikel kimanin kashi 36 cikin ɗari, ya samu gauraye mai suna Invar wanda kusan ba ya ƙara tsawo a zafin yau da kullum, kuma shi kansa ruwa tsakanin digiri 0 da 4 a ma'aunin Salsiyas tsukewa yake yi idan an ɗumama shi. Ɗalibin da ya san iyakar doka ya fi wanda ya haddace ta kawai fahimtarta.

Akwai kuma wata hanya da masu bincike suka fi amfani da ita ba tare da sun ba ta suna ba, har sai da Ba'amurken nan Charles Peirce, wanda ya rasu a 1914, ya ware ta a matsayin nau'i mai zaman kansa. Ita ce a ga wani abu mai ban mamaki, a nemi bayanin da idan shi ne gaskiya abin zai daina ba da mamaki, sannan a fifita wannan bayani a kan sauran. Tushenta shi ne abin da muke nufi idan muka ce ruwa ba ya tsami banza. A ƙarshen watan Agusta na 1854 cutar kwalara ta ɓarke a unguwar Soho ta birnin Landan, ta kashe mutum sama da 600, a lokacin da yawancin likitoci suka yi imani cewa gurɓatacciyar iska ce take yaɗa ta. Likita John Snow ya bi gidajen mamatan, ya ga sun taru ne kewaye da famfon rijiya guda a titin Broad. Da a nan ya tsaya, da masu ra'ayin iska sun ce ai iskar unguwar ce mai guba. Abin da ya ba hujjarsa ƙarfi shi ne waɗanda suka saɓa wa tsarin: ma'aikatan wani kamfanin giya da ke kan titin, waɗanda ba sa shan ruwan famfon, ba su mutu ba, haka nan gidan gajiyayyu da ke kusa, mai mutum sama da 500 da rijiyarsa ta kansa, mutum 5 kawai ya rasa, alhali wata bazawara da ke zaune can nesa a Hampstead, wadda ake kai mata ruwan wannan famfo saboda tana son ɗanɗanonsa, ta kamu ta mutu. Iska ba za ta iya bayyana waɗannan ba, ruwa kuwa ya bayyana su duka. An cire hannun famfon ranar 8 ga Satumba, kusan shekara 30 kafin Robert Koch ya tabbatar wa duniya da ƙwayar cutar.

Don kada a ɗauka wannan hanya ba ta kuskure, ga labarin mutum ɗaya da ya bi ta sau biyu. Masanin taurari Bafaranshe, Le Verrier, ya lura duniyar Yuranus tana ɗan kauce wa hanyar da lissafi ya zana mata, sai ya ce lallai akwai wata duniya da ba a gani ba tana janta, ya lissafa inda take, kuma ranar 23 ga Satumba 1846 Johann Galle ya hango ta daga Balin kusan daidai inda aka ce, ita ce Naftun. A 1859 Le Verrier ya ga irin wannan kaucewa a tafiyar Makyuri, ya kafa hujja mai siffa iri ɗaya, har aka raɗa wa duniyar da ake tsammani suna Vulcan. An yi shekaru ana nemanta ba a same ta ba, domin babu ita. Sai a 1915 Albert Einstein ya nuna cewa dokar jan nauyi ta Newton ce take da ɗan giɓi a kusa da rana. Hujja ɗaya ce, mai lissafi ɗaya ne, amma a karo na biyu akwai wani bayani da ba a sa shi cikin jerin masu yiwuwa ba saboda babu wanda ya san shi tukuna. Saboda haka ki koyar da dokar ƙarfe da ƙwarin gwiwa, ki faɗi ƙarfinta gwargwadon ƙarfin hujjarta.

Tambaya: Ɗana ya yi zazzaɓi, na je kemis a Gusau in sayi maganin zazzaɓin cizon sauro, mai kemis ya ce sai an yi gwajin jini. Ni kuwa na san duk mai wannan ciwo jikinsa yana zafi, ga shi jikin yaron ya yi zafi. Ina kuskurena?

Amsa: Allah ya ba yaro lafiya. Mai kemis ya yi daidai. Maganar da ka tashi daga kanta ita ce idan akwai zazzaɓin cizon sauro, akan sami zafin jiki. Daga wannan, idan an tabbatar da ciwon ana iya tsammanin zafi, amma ba a iya juya maganar a ce tun da akwai zafi to ciwon ne, domin taifot da ƙyanda da sanƙarau da ciwon huhu duk suna kawo zafin jiki. Wannan juyi yana cikin kurakuran da littattafan manɗiƙi suka fi gargaɗi a kansu, kuma yana da saurin shiga rai saboda sau da yawa biri yana kama da mutum, musamman da damina lokacin da sauro ya yi yawa. Zatonka yana da rinjaye, amma rinjaye bai isa a ba yaro magani a kansa ba alhali ga gwaji mai sauƙi da ake samun sakamakonsa cikin kimanin minti 20. Tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya take ba da shawarar a yi gwaji kafin a ba da maganin, don kada a ɓata lokaci a kan ciwon da babu shi, na gaskiyar yana ci gaba da cin jiki.

Tambaya: Malam, ina karatu a gaban wani malami a Zangon Kumasi. Na ji wasu suna cewa karanta manɗiƙi haramun ne, wasu kuma suna cewa ba a zama malami sai da shi. Kuma shin ƙiyasin manɗiƙi shi ne ƙiyasin da muke karantawa a usulul fiƙhi?

Amsa: Wannan shafi ba na fatawa ba ne, don haka hukuncin da za ka yi aiki da shi ka nema a wurin malaminka, amma zan iya ba ka tarihin saɓanin, wanda tsoho ne kuma manya ne a kowane ɓangare. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya buɗe littafinsa na usulu, Al-Mustasfa, da gabatarwa a kan manɗiƙi, ya ce wanda bai san ta ba babu amincewa ga iliminsa. Ibnus Salah, wanda ya rasu a 1245, ya yi fatawar haramci, Imam Nawawi ma yana wannan ɓangare. Ibnu Taimiyya, wanda ya rasu a 1328, ya rubuta littafi guda na raddi ga masu manɗiƙi, inda ya ce mai kaifin basira ba ya bukatarsa, daƙiƙi kuma ba ya amfana da shi. Sukarsa ba ta tsaya ga zambo ba. Ya ce hukuncin gama-gari da ƙiyasi yake tashi daga kansa, ta hanyar duba ɗaiɗaikun abubuwa aka san shi tun farko, don haka yaƙinin da ake alfahari da shi aro ne daga hanyar da ake rainawa. Baturen Ingila John Stuart Mill ya kawo suka mai kama da wannan a 1843. Ni ina ganin sukar tana da nauyi, sai dai ita kanta da istidlali aka gina ta, kuma wanda ake gardama a kansa shi ne tsarin Aristotil da falsafar da ta zo tare da shi, domin babu malamin da ya hana kafa hujja.

Wannan muhawara ta taɓo ƙasar Hausa ta hannun Shehu Muhammadu ɗan Abdulkarim Al-Magili, wanda ya zauna a Kano a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, mai mulki daga 1463 zuwa 1499. Magili ya wallafa a fannin manɗiƙi, kuma ya aika wa Imam Suyuɗi na Masar baitoci yana ƙalubalantar haramcin da ya yi, yana cewa a karɓi gaskiya ko daga bakin wanda ba Musulmi ba, domin da gaskiya ake sanin mutane. Suyuɗi ya mayar masa da baitoci yana kare matsayinsa, cikin girmamawa, kuma Ahmad Baba na Tumbutu ya adana labarin musayar a cikin Nailul Ibtihaj. Bayan Magili da Suyuɗi kaɗan, Abdurrahman Al-Ahdari, wannan dai mai littafin Ahalari da yaranmu suke fara fiƙhu da shi, ya rubuta waƙarsa ta manɗiƙi, As-Sullam, a shekarar 941 ta Hijira yana ɗan shekara 21. A cikinta ya kawo ra'ayoyi uku, na masu haramtawa da na masu cewa ya kamata a koya, sannan ya rinjayar da na uku, cewa ya halatta ga mai cikakkiyar basira wanda ya goge da Alƙur'ani da Sunna.

Game da tambayarka ta biyu, sunan ne ɗaya amma abubuwan biyu ne. Ƙiyasin manɗiƙi yana saukowa ne daga hukunci na gama-gari, ƙiyasin fiƙhu kuwa yana tafiya ne daga abu guda da nassi ya yi hukunci a kansa zuwa wani abu guda da nassi bai ambata ba, saboda wata siffa da ta haɗa su, kuma masu manɗiƙi wannan suke kira tamsili. Rukunansa huɗu ne kamar yadda ka karanta, asali da reshe da illa da hukunci. Giyar inabi ita ce asali, wani abin sha mai bugarwa da aka ƙirƙiro daga baya shi ne reshe, sa maye shi ne illa, haramci kuma shi ne hukuncin da yake ƙetarawa. Idan ka lura, illa tana yin aikin da mahaɗi yake yi a ƙiyasin manɗiƙi, har ana iya mayar da misalin zuwa waccan siffa a ce wannan abin sha yana sa maye, duk mai sa maye haramun ne, saboda haka wannan haramun ne. Shi ya sa yawancin saɓanin malamai a babin ƙiyasi yake komawa ga tantance illa, kamar yadda za ka gani idan kun kai babin riba, inda Malikawa suka ce illar haramta fifiko a musayar alkama da sha'ir da dabino da gishiri ita ce kasancewarsu abinci da ake dogara da shi kuma ake iya ajiyewa, Shafi'awa suka ce kasancewarsu abin ci kawai, Hanafawa kuma suka ce awo da mudu ko sikeli tare da haɗuwar jinsi.